Ciwon Daji Na Jijiyoyin Jini

  

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa, ba a wuni ba a gan su a ɗakin shan magani ba. Shi kuwa wannan, malamin asibiti ya kan yi shekara da shekaru yana aiki bai ga mutum biyar masu shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen 34,000 ne suka kamu da shi a duniya duka, alhali kuwa ciwon daji na nono ya kama mata fiye da miliyan 2 a wannan shekara. Amma cikin waɗannan 34,000 ɗin, fiye da bakwai cikin kowane goma a Afirka su ke. Ga shi kuma ciwo ne da ke fara nuna kansa a fata, inda kowa ke iya gani. Saboda haka ya kamata mu san kamanninsa.

Kun dai sani jini ba zube ya ke cikin jiki kamar ruwa a tulu ba. Yana da hanyoyinsa, kamar yadda mai lambu ya ke ja wa ruwa hanya, babba ta rabu ta zama ƙanana, ƙananan su sake rabuwa har ruwa ya kai kowane fangali. Waɗannan su ne jijiyoyin jini. Akwai kuma waɗansu hanyoyi sirara ƙwarai, masu kwashe wani farin ruwa daga cikin naman jiki, su bi da shi ta kaluluwa, su mai da shi cikin jini. Kowace hanya an shafe cikinta da wata 'yar fata mai santsi, kamar yadda a ke shafe cikin rumbu. To, idan ƙwayoyin wannan 'yar fata suka ƙi tsayawa iyakarsu, suka yi ta hayayyafa ba dalili, sai su tara tsiron ƙananan jijiyoyi cunkushe wuri ɗaya, marasa ƙwari, jini na tsattsafowa daga cikinsu yana kwantawa. Wannan jini da ya kwanta shi ne ke ba tabon launinsa mai duhu.

Sunan ciwon Kafosi. In an rubuta muku shi a katin asibiti za ku ga Kaposi, ko kuwa haruffa biyu kurum, KS. Sunan wani likitan fata ne mutumin ƙasar Hangari, wanda ya yi aiki a birnin Biyana na Ostiriya. A shekarar 1872 ya rubuta bayanin waɗansu maza biyar da ya gani da baƙaƙen ƙuraje masu tauri a ƙafafu da hannuwa. Shekaru da yawa bayan nan likitoci suna ɗaukarsa ciwon tsofaffi ne na ƙasashen Italiya da Girka da gabashin Turai. Sai wajen 1950 aka lura ashe yana nan da yawa a tsakiyar Afirka, watau Uganda da gabashin Kwango da Ruwanda da Burundi. A waɗansu wuraren can, wajen ɗaya cikin goma na ciwon dajin da a ke gani jikin maza shi ne. Mu nan yammacin Afirka akwai shi tun da, amma bai kai haka ba.

Sa'an nan a 1981 sai likitocin Amurka suka ba da labarin samari 26 a Niyok da Kalifoniya da suka fito da wannan ciwo na tsofaffi, yana kuwa cin su da sauri. Wannan yana cikin abubuwan farko da suka sa duniya ta gane wata sabuwar cuta ta shigo, ita ce ƙanjamau, wadda mutanen Nijar ke kira sida. A 1994 waɗansu likitoci biyu, mata da miji, Yuan Chang da Patrick Moore, a Jami'ar Kolombiya ta Niyok, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa Kafosi. Irin ƙananan ƙwayoyin nan ne da a ke kira bairas, ana ce mata HHV-8.

Ku kasa kunne nan, domin a nan ne mutane su kan rikice. Ita wannan ƙwaya dabam ta ke da ta ƙanjamau. Yawanci ta yau ta ke bi, daga bakin wani zuwa na wani, kuma a ƙasashenmu galibi tun ana yara a ke ɗaukarta cikin gida. A waɗansu sassan Uganda fiye da rabin manya suna ɗauke da ita. Duk da haka kusan dukansu za su tsufa su mutu ba ta yi musu kome ba, don kuwa jiki yana da masu gadinsa, su ne ke danne ta ta kwanta. Sai ran da gadi ya yi rauni ta ke ta da kai. Abin da ya fi raunana shi a zamanin nan ƙanjamau ne. Tsufa ma yana raunana shi. Haka kuma magungunan da a ke ba wanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsa ya ƙi sabuwar ƙodar. Akwai kuma waɗanda ciwon ke kamawa, musamman maza manoma da yara a tsakiyar Afirka, an auna jininsu ba ƙanjamau ko kaɗan. Saboda haka duk wanda aka gani da wannan ciwo tilas a auna jininsa, amma kada wani ya yanke wa maƙwabcinsa hukunci don ya ga baƙin tabo a ƙafarsa. Shi kansa tabon kuwa ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko zama tabarma ɗaya.

To, yaya ya ke farawa?

Ya kan fara ne kamar tabo shafe a fata, faɗin ƙwayar wake ko na anini. A jikin Bature ja ne ko shuni-shuni, littattafan likitoci ma haka su ke zana shi. A jikin baƙin mutum kuwa sai ka ga wuri ya fi sauran fata duhu kawai, kamar an ɗiga makuba ta bushe. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, in ka danna da yatsa launin ba ya gushewa. Wannan rashin zafi shi ne ke cutar mutane, don mu dai ba mu ɗauki abu ciwo ba sai ya hana mu barci. Inda ya fi so shi ne tafin ƙafa da yatsu da idon sawu da ƙwauri. Ya kan fito kuma a hannu, ko kan hanci, ko bayan kunne, ko matsematsi da al'aura. Ba safai ya kan tsaya guda ɗaya ba. Bayan watanni sai tabon ya yi kauri ya ɗago, waɗansu su haɗe su zama faifai guda, daga nan sai ƙullutu ya fito mai tauri, girmansa da launinsa kamar ɗinya nunanna. In ya girma ya kan fashe ya zama gyambo, yana jini, yana wari, takalmi ya gagara sawa.

Na biyu, kumburi. Tun da ciwon yana toshe hanyoyin farin ruwan nan da na faɗa muku, ƙafa ta kan kumbura. Da fari in ka danna sai ta lotsa. Daga baya sai ta yi tauri kamar icce, mutum ya kasa tanƙwasa gwiwa. Wani fuska ce ke kumbura har idanu su rufe, wani kuwa maraina.

Na uku, baki. Wannan ina roƙonku ku riƙe shi. Cikin masu ƙanjamau da wannan ciwo ya kama, wajen ɗaya cikin uku yana da shi a baki, wani ma nan ya ke fara fitowa. Ku sa mutum ya buɗe baki a hasken rana, ko ku haska da tocila, ku duba ganɗa da dasashi. Za ku ga wuri ja mai duhu kamar ruwan zoɓo mai kauri. Ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura, minti guda ya isa. In ya yi yawa a baki, sau da yawa akwai shi a ciki ma.

A ciki wurare biyu ya fi zuwa. In ya shiga hanji, wani ba ya jin kome, wani kuwa ciwon ciki, da bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, da ƙarancin jini. In ya shiga huhu, nan ne babban haɗari: tari wanda ba ya jin magani, haki, wani lokaci da jini a majina, ruwa ya taru a ƙirji. Kun ji kamanninsa sak da tarin fuka. A kan sami mutum ya sha maganin tarin fuka wata biyu ko uku, an auna majinarsa ba a ga kome ba, shi kuwa sai ramewa ya ke yi. Irin wannan mutum a tuɓe masa riga da takalmi a duba fatarsa, a duba bakinsa. Kuma ku sani cututtukan biyu suna iya haɗuwa jikin mutum ɗaya.

Yara nasu dabam ne. Sau da yawa ba tabo a fata sam, sai kaluluwa ta kumbura a wuya da hammata da matsematsi gaba ɗaya, masu tauri, ba zafi, yaro ya ɗashe. Na yara yana sauri ƙwarai, ba a kwana da shi.

Akwai cututtukan da a ke rikita shi da su. Tabon kuturta ya fi sauran fata haske, kuma in an shafa masa auduga mutum ba ya ji. Tabon Kafosi ya fi fata duhu, kuma ana jin taɓi. Tundurmi, wanda sauro ke kawo tsutsarsa, yana kumbura ƙafa shi ma, amma a hankali cikin shekaru, da zazzaɓi jefi-jefi, ba ya farawa da baƙaƙen tabban nan. Akwai kuma wani ciwon daji na tafin ƙafa, baƙi wuluk, guda ɗaya, wanda maganinsa yanka ne da gaggawa. Har wa yau akwai waɗansu jajayen ƙuraje da ke fito wa masu ƙanjamau, kamarsu ɗaya da Kafosi, alhali ƙwayar magani ta 'yan watanni ke warkad da su. Likita ma da ya ƙware, idonsa kaɗai ya kan yaudare shi. Don haka ba a tabbatarwa sai an ɗebi ɗan nama an duba a madubin likita.

Na san abin da waɗansunku ke cewa yanzu a zuci: ai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Ga yadda a ke yi. A yi wa wurin 'yar allura ya mutu, a ɗebi nama kamar ƙwayar dawa, a yi ɗinki ɗaya ko a manna filasta, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Ba ya sa ciwo ya bazu. Abin da ya sa a ke ganin kamar allurar asibiti ce ta kashe wane, shi ne ba a kai shi ba sai da ciwo ya riga ya gama gari cikin jikinsa. Ƙarfen da ya kamata ku ji tsoro shi ne askar da za a tsaga ƙullutun da ita a gida. Wurin nan jijiyoyin jini ne zalla. In an yi masa sakiya ba mugunya za ta fito ba, jini ne zai yi ta zuba, ƙazanta ta shiga, ya zama gyambo. Wanzamai abokan aikinmu ne, da yawansu kuwa su ne ke fara ganin fatar mutane kafin mu. Ina roƙonsu in sun ga irin wannan kada su sa aska ko ƙaho, su turo mana.

Wani abu kuma da ke hura wa ciwon nan wuta shi ne ƙwayoyin da a ke kira firednisolon da dekisametason. Ana sayad da su a kemis da tiren masu talla, mutane suna sha don ciwon gaɓoɓi, mata kuma don ƙiba. Suna ƙara raunana masu gadin jiki. Na ga wani magidanci manomi wanda ya yi shekara da tabo uku a ƙafa ba su motsa ba. Ƙafar ta ɗan kumbura, wani ya ba shi irin ƙwayoyin nan wai su sassabe kumburi. Kafin a gama girbi tabban sun kai cinya. Mai wannan ciwo kada ya sha su sai likitan da ya san yana da ciwon ne ya rubuta. Wanda kuwa ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, ya zo a nuna masa yadda zai rage.

Yanzu sai tambayar da kowa ke yi in mun fita waje da shi: Malam, zai tashi?

Amsar tana bin abu biyu, watau irin ciwon, da kuma inda ya kai ran da aka zo.

Na tsofaffi marasa ƙanjamau tafiyar hawainiya ya ke yi. Mutum ya kan yi shekara 10 ko 15 da shi a ƙafa, sau da yawa wani abu dabam ne ke zama ajalinsa. A kan cire ƙullutun da ke damunsa, ko a gasa wurin da hasken na'ura, ciwon kuwa yana jin wannan gashi ƙwarai. Na manoman Afirka marasa ƙanjamau, wani haka ya ke a hankali, wani kuwa ya kan ci nama har ya kai ƙashi. Na masu dashen ƙoda ya kan ja baya in likita ya rage maganin ko ya sake shi da wani.

Na masu ƙanjamau a da ba a cewa kome. Wanda ya shiga wa huhu, watanni kaɗan ne. Amma tun 1996, da aka fara haɗa magunguna uku don danne ƙanjamau, labari ya sake. A Nijeriya tun 2006 gwamnati ta sa a riƙa ba da su kyauta a asibitocinta, yanzu kuwa yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Mutumin da ya zo da 'yan tabba a fata kaɗai, ba kumburi, ba gyambo, bai cika baki ba, bai shiga ciki ba, galibi wannan ƙwaya ita kaɗai ta isa. Masu gadin jiki su farfaɗo, tabban su tsaya, su kwanta cikin watanni. A Amurka, cikin kowane mutum huɗu da aka samu da Kafosi, wajen uku suna nan da rai bayan shekara biyar. A ƙasashenmu ba mu kai haka ba, babban dalili kuwa shi ne yawancin masu zuwa sai ƙafa ta zama icce ko numfashi ya fara gagara.

Wanda ya kai wannan matsayi ba a fid da rai gare shi ba, amma ƙwayar ƙanjamau kaɗai ba ta isa. Sai an haɗa masa da maganin daji da a ke sawa cikin ƙarin ruwa, a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Jos da Maiduguri. Akwai wani mai suna fakilitaksal, ana sa shi bayan kowane mako uku. A 2020 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka biyar da Barazil, ya nuna ya fi tsofaffin magungunan da a ke amfani da su, irin su biliyomaisin da binkiristin. Waɗannan ma suna aiki, kuma sun fi araha. Ba zan ɓoye muku ba, wannan magani da kuɗi ne, ga kuɗin mota, ga zuwa sau shida ko fiye. Gara dangi su zauna tun farko su san yadda za su yi, da a fara sau biyu a tsaya. Yana kuma da wahalarsa: gashi ya kan zube, amma yana komowa, yatsu su kan yi sanyi-sanyi kamar ba naka ba, jini ya kan ragu. In zazzaɓi ya kama mutum yana tsakiyar wannan magani, a koma asibiti ran nan, ko da dare ne. Mace mai ciki ta faɗa wa likita tun kafin a fara.

Ga abu biyu da ke sa mutane su yar da magani, ina so ku san su tun yanzu. Na ɗaya, cikin makonnin farko da fara shan ƙwayar ƙanjamau, waɗansu sai su ga tabban sun ƙara kumbura, har sababbi sun fito. Masu gadin jiki ne suka farka suka auka wa ciwon. Kada a daina sha, a koma wurin likita da sauri, don wani lokaci alama ce ta a haɗa da ƙarin ruwan nan, musamman in numfashi ya sake. Na biyu, bayan ƙullutu ya kwanta, baƙin tabo ya kan zauna a wurin shekara da shekaru, ƙafa ma ba lalle ta koma daidai da 'yar'uwarta ba. Sauran jinin da ya kwanta ne ya rina fata. Abin dubawa shi ne ko wurin ya shafe, ko kuwa yana ɗagowa. Ita ƙwayar cutar ba ta barin jiki, danne ta a ke yi. Wanda ya bar shan maganin ƙanjamau don ya ga ya yi ƙiba, ciwon yana iya komowa. Ƙafa mai kumburi kuwa a riƙa wanke ta da sabulu kullum, a share tsakanin yatsu, a ɗaga ta bisa matashi in an kwanta, kada a yi yawo ba takalmi.

Ba a sami allurar rigakafin wannan ƙwaya ba tukuna. Babban rigakafi shi ne kowa ya san matsayin jininsa, mai ƙanjamau ya fara magani tun yana da ƙarfinsa. Iyaye mata kuma, da kakanni, ku daina tauna abinci ko magani kuna ba jariri daga bakinku. A dama masa, ko a murtsuke da cokali mai tsabta.

Akwai wani ɗan'uwan wannan ciwo da ya fi shi wuyar gani, ya kuma fi shi mugunta, likitoci suna ce masa anjiyosakoma. Shi ba ruwansa da ƙanjamau ko ƙwayar da muka ambata. Ya fi fitowa a fatar kai ko goshin tsoho wanda ya haura 60, kamar wurin da aka buge jini ya kwanta, amma ba a buge ba, kuma maimakon ya washe cikin mako biyu sai faɗi ya ke ƙarawa. Ya kan fito kuma a nonon da aka taɓa gasawa da na'ura shekarun baya, ko a hannu ko ƙafar da ta daɗe a kumbure. A 1948 waɗansu likitoci biyu na Niyok, Stewart da Treves, suka bayyana shi a hannuwan matan da aka cire wa nono. A 1974 kuma aka gan shi a hantar ma'aikatan wata masana'antar roba a jihar Kentaki ta Amurka, saboda wata iska mai guba da su ke shaƙa wurin aiki. Yana saurin zuwa huhu, yana kuma komowa bayan an cire shi. Cikin mutum uku da ya kama, wajen ɗaya ne ke kai shekara biyar, galibi kuwa wanda aka yanke wa shi tun yana ƙarami aka bi da gashi. Saboda haka matan da aka yi wa aikin nono, da masu tundurmi, in kun ga sabon tabo mai duhu a gaɓar da ta kumbura, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

In za ku zo ɗakin shan magani saboda irin wannan tabo, ku zo da safe da sauran hasken rana, ku wanke wurin, kada ku shafa masa toka ko shuni ko wani ganye da zai ɓoye launinsa. Ku zo da duk ƙwayoyin da ku ke sha cikin kwalayensu, har da na kemis. Malamin asibiti zai duba fata da baki, ya auna jini, ya ba ku takarda zuwa babban asibiti inda a ke ɗiban naman. Sakamakon ya kan ɗauki mako biyu ko fiye, sai ku tambayi ranar da za ku koma karɓa kafin ku baro wurin.

Makon gobe war haka za mu yi magana a kan kaluluwar wuya ga yara. Mu kwana lafiya.